Daga Turu Zuwa Asibiti: Abin da Kasuwar Sabon Gari Ta Gani

 

Shekara ta sake zagayowa, kwamitin wannan mujalla kuma ya sake ɗora mana nauyin shafin tarihi. A shekarun baya mun yi magana a kan sarauta, da kafuwar makarantar firamare ta gari, da rijiyoyin da kakanni suka haƙa. Bana mun ga ya dace mu bar gida mu bi 'ya'yanmu inda suka tafi neman abinci, wato Kasuwar Sabon Gari ta Kano, mu duba wani tarihi da ba a cika son tonawa ba: yadda al'umma take yi da mutumin da hankalinsa ya taɓu. Da wuya a sami gida a garinmu wanda ba shi da ɗa ko jika a wannan kasuwa, daga mai shago zuwa yaron shago, daga ɗan dako zuwa mai tura baro. Saboda haka maganar ba ta baƙi ba ce.

Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, wajen 1913 kuma aka yanka Sabon Gari a wajen ganuwa, bayan Fagge, domin ma'aikatan jirgi da akawuna da fatake waɗanda suka zo daga kudu. Kasuwa ta tsiro tare da unguwar, ta yi ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Arewa. A hukumance yanzu sunan Muhammadu Abubakar Rimi take amsawa, gwamnan farar hula na farko a Jihar Kano, ko da yake bakin jama'a bai saki tsohon sunan ba. Duk wanda ya saba ratsawa daga Bata zuwa 'Yan Kura ya san cewa kusan kowane layi yana da nasa mahaukacin: wannan da tsummokara a ka, wancan yana wa'azin da ba mai saurare, waccan ta rungume ƙunshin ledoji kamar goyo. Mai abinci ta zuba musu ƙanzo, mai shayi ya miƙa ragowar burodi, mai shago ya jefa sadaka ranar Juma'a. Haƙiƙa kasuwa ta ciyar da su, kuma ta cancanci yabo a kan haka. Abin da ba ta saba yi ba shi ne ta tambayi daga wane gida suka fito, ko kuwa ciwon nasu yana da magani. Yara kuwa sai tsokana da jifa, kuma mu kanmu da muke ƙanana ba mu tsira daga wannan laifi ba.

Kafin zuwan Turawa, jinyar mai taɓin hankali aikin dangi ne. A kai shi wurin malam a yi masa rubutu da addu'a, ko wurin boka a ba shi saiwa da hayaƙi, ko kuma a ce iska ce ta buge shi, a kai shi ga 'yan bori a yi masa girka. Idan ya fara duka ko yana neman shiga daji, sai a sa masa mari a ƙafa, ko a ɗaure shi a turu, wato gungumen itacen da ake fafe wa rami a zura ƙafar mutum. Bai kamata mu yi gaggawar la'antar magabata ba. Ba su da allura ko ƙwayar da za ta kwantar da shi, kuma duk da tsananin turu, mara lafiyan yana nan a tsakar gidansu, uwarsa na kai masa tuwo. Shari'a ta ɗauke masa hisabi, ta kuma wajabta a naɗa masa waliyyin da zai tsare dukiyarsa. Masu cewa asibitin ƙwaƙwalwa baƙon abu ne ga Musulmi su koma tarihi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambanta baƙin cikin da yake da sanadi da wanda yake zuwa haka kawai. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 kuwa yana da sashe na musamman domin masu taɓin hankali.

Da Turawa suka zo ba jinya suka fara kawowa ba, tsarewa suka kawo. Sun buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, da wani a Yaba ta Ikko a 1907, sannan suka kafa dokar mahaukata a 1916, wadda ta ba majistare ikon tsare mutum idan likita ya shaida ya taɓu. Inda babu irin wannan gida, sai a ware wani lungu a gidan yari. Manufar ita ce a kawar da mutumin daga titi da kasuwa, ba a warkar da shi ba. An yi wa dokar kwaskwarima a 1958, kuma abin mamaki, ita ce ta ci gaba da aiki har sama da shekara 60 bayan samun mulkin kai. Turu dai ya tashi daga tsakar gida ya koma hannun hukuma, uwa mai kai tuwo kuma aka bar ta a bakin ƙofa.

Canji na gaskiya ya zo ta hanya biyu. A 1952 likitoci a Faransa suka gano cewa wani magani, wanda aka fi sani da Largactil, yana kwantar da mai jin muryoyi da mai ganin abin da babu, har ya dawo cikin hayyacinsa. A 1954 kuma Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda ya yi karatu a Ingila, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta da ya kamata kowane ɗan ƙungiyarmu ya sani. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya nema musu masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowanne tare da ɗan uwansa, uwa ko ƙanwa ko kawu, mai yi masa girki da wanki. Da safe su zo asibiti a duba su, da yamma su koma cikin mutane, su je kasuwa, su zauna a dandali. Bai kori masu maganin gargajiya ba, ya jawo wasu daga cikinsu ya yi aiki da su. Duniya ta yaba da tsarin, shi kuma ya kai matsayin Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. In an lura, ba wani sabon abu ya ƙago ba. Abin da kakanninmu suke da shi ya ɗauka, wato dangi, ya cire turu ya sa magani a gurbinsa.

A nan Arewa an sami asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato, Kano kuma tana da Dawanau a kan hanyar Katsina, da sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sai dai mun mai da sunan Dawanau abin zagi. Garin da yake da kasuwar hatsin da ake ji da ita a Afirka ta Yamma, amma da zarar an ce wa mutum "sai Dawanau" ya san ba gero ake nufi ba. Wannan ba'a ta hana mutane da yawa zuwa neman magani, domin iyali suna tsoron a ji, 'yan matan gidan su rasa mijin aure. Tun 1991 gwamnati ta rubuta cewa za a sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, amma a 2019 likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum kusan miliyan 200. Wani bincike da likitocin Kano suka yi a Karfi ta ƙasar Kura, aka buga a 2004, ya tambayi manya 250 ra'ayinsu. Kimanin kashi 46 cikin 100 sun ce asibiti ya fi dacewa da mai taɓin hankali, kashi 34 suka zaɓi maganin addu'a, kusan rabinsu kuma suna ƙyamar mara lafiyan. Masu karatu sun fi waɗanda ba su yi ba sassauci nesa ba kusa ba, abin da ya faranta ran tsofaffin malaman makaranta irinmu.

Mu koma kasuwa, domin a 'yan shekarun nan ta sha bugu iri uku. Ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar manyan motoci ta New Road a Sabon Gari, ya kashe fiye da mutum 20. An binne matattu, an ɗinke masu rauni, amma waɗanda suka kwashi gawa da hannunsu suka koma gida suna firgita cikin barci ba wanda ya lissafa su. Ranar 26 ga Maris 2016 gobara ta tashi da tsakar dare ta cinye shaguna fiye da 3,000. An ƙidaya shaguna da kuɗi, ba a ƙidaya masu ciwon damuwa ba. Na uku shi ne shaye-shaye. A 2017 aka faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabe miliyan 3 na maganin tari mai kodin kullum a Kano da Jigawa, a 2018 kuma BBC ta fitar da binciken da ya sa gwamnati ta haramta shi cikin kwana biyu. A Fabrairun 2024, bayan hukuncin kotu, hukumomi suka rufe shagunan magani fiye da 1,300 a Sabon Gari da kewaye, aka umarci masu sari su koma sabuwar cibiya a Dangwauro kan hanyar Zariya. Da yawa cikin masu sayar da maganin mutanen kirki ne, amma inda ake sayar da magani kamar goro, dole ɓarna ta sami ƙofa.

A nan sai mu yi hattara. Tun da aka fara maganar kodin, duk matashin da ya taɓu sai a ce ɗan ƙwaya ne. Wannan zalunci ne. Akwai wani ɗalibinmu, mai hankali da iya lissafi, wanda ya fara dako a kasuwar har maigidansa ya sallame shi da ƙaramin shago. Ko sigari bai taɓa sha ba. Gobarar 2016 ta cinye jarinsa da kayan bashin da ya karɓo. Ƙungiya ta yi masa gudummawa kamar yadda ta yi wa sauran. Bayan 'yan watanni ya daina barci, ya daina cin abinci, ya daina zuwa jam'i, yana cewa masu bashi sun sa a bi shi. Abokan kwanansa suka sa shi a mota suka dawo da shi gida, suka ce sun sauke nauyi. Wata takwas ya yi da mari a ƙafa a ɗakin da ake ajiye ƙaiƙayi, mu kuma muna wucewa ta ƙofar gidan zuwa masallaci, mun sani, mun yi shiru, wai kada mu kunyata mahaifinsa. Wata gwaggonsa ce ta sayar da akuyarta ta kai shi asibiti. Yau yana shan maganinsa, yana da tebur a kasuwar, yana da 'ya'ya biyu. Tabon marin yana nan a idon sawunsa.

A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, a Oktoba aka fasa wani a Daura, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. Jama'a suka yi tir da masu gidajen, kuma sun cancanci tir. Amma ba sato mutanen suka yi ba, iyaye ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗin wata, saboda sun rasa inda za su nufa. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta shafe ta 1958. Ta haramta ɗaure mara lafiya da sarƙa, ta hana a wulakanta shi a wurin aiki ko wurin zama, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun tallafi. Doka ce mai kyau, sai dai doka ba ta shiga ɗakin ƙaiƙayi sai wani ya buɗe mata ƙofa.

'Yan uwa mazauna birane, kundin ƙungiyarmu yana da asusun gobara da na rasuwa da na karatun marayu, amma babu layi ko ɗaya a kan wannan lalura. Mun miƙa wa sakatare shawara a rubuce domin taron shekara. Reshen Kano ya naɗa mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za a riƙa sanar da su a asirce idan ɗan gari ya kwana uku ba barci, ko ya keɓe kansa, ko yana zargin kowa, ko yana ambaton ya gaji da rayuwa, haka nan mai jegon da ta ƙi jaririnta tana kuka ba dalili. Kada a sa irin wannan a motar gida kafin likita ya gan shi. A yi masa addu'a da ruƙiyya, ba mai hanawa, amma a haɗa da asibiti, kuma a sami ɗan uwa ya zauna tare da shi kamar yadda aka yi a Aro. Asusun ƙungiya ya ɗauki kuɗin mota da na maganin watannin farko, domin yawancin waɗanda ciwon yake dawo musu ba ƙin magani suka yi ba, kuɗin ne ya yanke ko kuma suka ji sauƙi suka daina sha ba da izinin likita ba. Mun kuma roƙi Mai Girma Dagaci da limamin Juma'a su ba da izini a zaga gidaje bayan Sallah, a san adadin waɗanda suke ɗaure a garinmu yanzu haka. Mu da kanmu mun san gida uku.