Digiri na Biyu a Lissafin Aikace: Abubuwan Da Ɗalibin Gombe Zai Duba Kafin Zaɓe

Lissafin aikace shi ne reshen ilimin lissafi da ake amfani da shi wajen warware matsalolin zahiri, kamar hasashen yaɗuwar annoba, auna gudun ruwa, tsara jigilar kaya da ƙiyasta asarar kamfanonin inshora. Ga matashin da ke zaune a Nasarawo ko wata unguwa a birnin Gombe, zaɓen inda zai yi digiri na biyu a wannan fanni yana shafar kuɗinsa, da shekarunsa, da damarsa ta yin digirin digirgir.

Inda ake iya nema

Mafi kusa ita ce Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, wadda aka kafa a 2004, sai Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011. A maƙwabta akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi da Jami'ar Modibbo Adama a Yola, waɗanda dukkansu suka faro a matsayin jami'o'in fasaha. Daga nesa kuma akwai Jami'ar Bayero a Kano da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda masanin lissafin aikace Farfesa Iya Abubakar ya shugabanta daga 1975 zuwa 1978.

A Abuja akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, AUST, da aka buɗe a 2007. Cibiyar AIMS kuwa, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda. Karatunta na kusan shekara ɗaya ne, kuma tana ɗaukar nauyin waɗanda suka yi nasarar shiga.

Iri biyu na digirin

Akwai digiri na biyu na bincike, wato M.Sc. ko M.Tech., wanda ake kammalawa da rubuta kundi da kare shi a gaban masu jarrabawa. Akwai kuma na ƙwarewar sana'a, wanda darussan aji suka fi yawa a cikinsa. Galibin jami'o'in Najeriya na farkon suke karɓa ga mai neman digirin digirgir, da dama kuma suna sharɗanta makin da bai gaza 3.50 cikin 5.00 ba. Don haka mai burin koyarwa a jami'a ya tantance wannan tun kafin ya sayi fom.

Sharuɗɗan shiga

Yawanci ana neman sakamakon da bai gaza 2:2 ba a lissafi ko fanni makusanci, da shaidar kammala hidimar ƙasa ko takardar yafewa, da cikakken sakamakon jarrabawa daga jami'ar farko. Mai sakamakon aji na uku kan fara da difilomar PGD. Wajibi ne kuma a tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗin.

Malami kafin sunan jami'a

Abin da ya fi tasiri shi ne malamin da zai duba kundin. Sashe ɗaya kan yi ƙarfi a lissafin motsin ruwa, wani a lissafin cututtuka, wani a dabarun lissafi da kwamfuta. Wanda ke son nazarin zaizayar ƙasa da ke cin unguwannin Gombe, ko ambaliyar kogin Gongola a ƙasan madatsar ruwa ta Dadin Kowa, yana buƙatar malamin da ya wallafa bincike a wannan ɓangare.

Yana da kyau ya tambayi tsofaffin ɗalibai shekara nawa suka ɗauka kafin su kammala, domin karatun da aka tsara wa shekara ɗaya da rabi zuwa biyu yakan zarce haka idan malami ɗaya na riƙe da ɗalibai masu yawa. Ya kuma bincika ko ana koyar da manhajoji irin su MATLAB, Python ko R.

Batun kuɗi

Zama a gida yana rage kuɗin haya da na mota, kuma yana barin ma'aikaci ya riƙe aikinsa. Malaman manyan makarantun gwamnati na iya neman tallafin asusun TETFund ta hannun makarantunsu, yayin da asusun PTDF ke tallafa wa fannonin da suka shafi man fetur da iskar gas.