Tarihin Kiɗan Inji da Zaren da Ba Ya Jira

Duk wanda ya zaga unguwannin da ke kudancin kogin Kaduna, irin su Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, ba zai rasa cin karo da ɗakin haɗa kiɗa ba, watau sutudiyo. Kayan ciki ba su wuce kwamfuta da lasifika da makirfo da fiyano ba. Nufina a nan shi ne in bi sawun yadda injin kiɗa ya bar akwatinsa ya shige kwamfuta, da matsalar da ya tarar a can.

A 1964 ne Robert Moog na Amurka ya nuna injinsa mai ƙirƙirar sauti da lantarki. A ƙasar Hausa kuwa, fiyanon Yamaha ne ya yi kaka-gida a sutudiyoyin Kano cikin shekarun 1990, kuma waƙoƙin fim ɗin Sangaya sun isa shaida. Ana cikin haka, a 1996, kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST, wanda ya ba kowane gwani damar rubuta ƙaramar manhaja, wadda ake kira fulogin, ya jona ta a jikin babbar manhajar haɗa kiɗa. Babbar ita ce mai masauki, ƙaramar ita ce baƙuwa. Daga 1999 baƙuwar nan ta iya zama fiyano sukutum, mai fitar da sauti da kanta.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Manhaja takan raba aikinta gida-gida, kowane kashi na tafiya lokaci guda da sauran, masana kuma suna kiran kowanne zare. Sunan ya burge ni, domin iyayenmu da suka yi aiki a masaƙar Kaduna Textiles ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, sun san ɓarnar da zare biyu ke yi in sun harɗe. Akwai zaren allo, mai lura da maɓallan da makaɗi ke murɗawa. Akwai kuma zaren sauti. Shi wannan, sai ya samar da lambobi 44,100 a kowane sakan, yana miƙa su mudu-mudu. In mudun na cin lambobi 256, to, ƙasa da kashi 6 cikin 1,000 na sakan gare shi ya cika shi. Ya makara ko sau ɗaya, sai a ji ƙas a lasifika, waƙa ta ɓaci.

Idan zaruruwan biyu suka taɓa lamba ɗaya a lokaci guda, sai lissafi ya rikice. Tsohon maganin wannan, wanda ya samo tushe daga aikin Edsger Dijkstra na Holan a 1965, shi ne a sa kwaɗo: wanda ya riga shiga ya kulle, ɗayan ya jira. Amma fa jira shi ne abin da zaren sauti ba zai iya ba. Kada mai karatu ya raina wannan. Irin jiran nan ne ya sa kwamfutar kumbon Pathfinder ta riƙa kashe kanta tana tashi a duniyar Mas a 1997.

Saboda haka aka koma ga wata dabara da Leslie Lamport ya bayyana tun 1977, ta yadda mai rubutu da mai karatu za su yi aiki ba kulle. Kamar zaure take: zaren allo ya ajiye saƙo ya wuce, zaren sauti ya ɗauka in ya leƙo, in bai tarar da kome ba ya ci gaba da kiɗansa. A ganina wannan ta fi dacewa nesa ba kusa ba. A 2022 kamfanonin Bitwig da u-he suka fitar da tsarin CLAP, wanda ya rubuta ƙarara zaren da ya halatta ya kira kowane aiki.

Ɗalibin da ke son rubuta fulogin na kalangu zai gamu da wannan tun ranar farko. Muryar kalangu tana hawa da sauka ne gwargwadon yadda makaɗi ke matsa igiyoyinsa a hammata, kuma kowace matsa sai ta bi ta zauren nan, ta isa zaren sauti a hankali, ba tsalle ba tangarɗa.