Raunin da Ba Ya Jini: Tarihin Neman Diyyar Firgita Bayan Haɗari

Idan haɗari ya auku a hanya, raunin da ido ke gani ba ya jawo gardama. An san karaya, an san kuɗin magani. Gardama ta kan taso ne a kan wanda ya fita lafiya lau ga gani, amma barci ya ƙaurace masa, ya riƙa zabura in ya ji ƙarar birki, har sana'arsa ta gagare shi. Alƙalan Ingila sun shafe fiye da shekara ɗari suna jayayya a kan ko irin wannan mutum ya cancanci diyya. Abin da tarihin ya nuna shi ne, sunan da likitoci su ka ba ciwon a kowane zamani shi ya kan yanke wa mai ƙara rabonsa.

Al'amarin ya girmi mota, don kuwa jirgin ƙasa ne ya haife shi. Ran 9 ga Yuni 1865 jirgi ya kauce daga gada a Staplehurst, mutum 10 su ka mutu. Cikin waɗanda su ka tsira har da marubucin nan Charles Dickens, wanda bai ji wani rauni ba, amma tsoron tafiya a jirgi bai sake shi ba har rasuwarsa a 1870. Irinsa suna da yawa, suna ta kai kamfanonin jirgi ƙara. A 1866 wani likitan fiɗa a Landan, John Erichsen, ya buga littafi ya ce girgizar karo ce ke taɓa lakar ƙashin baya ta yadda ido ba ya gani. Sai ciwon ya sami suna, watau ciwon bayan jirgin ƙasa. Sunan ya yi wa masu ƙara rana, domin ya mai da abin na jiki, kotu kuwa jiki ta sani. A 1883 Herbert Page, likitan wani kamfanin jirgi, ya musa, ya ce laka lafiyarta lau, tsoro ne kurum ya yi ɓarna. Maganarsa ta fi kusa da gaskiya, amma ta zama makami a hannun kamfanoni.

An ga haka a 1888. Wani mai tsaron ƙofar reluwe kusa da Melbon, a Ostiraliya, ya buɗe wa keken dokin su Mary Coultas hanya alhali jirgi na tafe. Jirgin ya wuce dab da su bai taɓa su ba, ita kuwa ta suma, ta kwanta jinya. Kotun can ta ba ta diyya, amma kotun ɗaukaka ƙara ta Landan ta soke, ta ce in an buɗe wannan ƙofa masu ƙarar ƙarya za su kwararo. Wannan tsoro na alƙalai shi ya bi dukan tarihin.

Sannu a hankali ƙofar ta buɗu. A 1901 aka ba wata mai ciki, Dulieu, damar neman diyya bayan amalanken dawaki ya afka cikin gidan giyar da ta ke aiki, ta firgita ta haihu bakwaini. Sharaɗin shi ne mutum ya ji tsoron ransa shi kansa. Da mota ta yawaita sai sharaɗin ya kasa. A shari'ar Hambrook, wadda aka buga a 1925, wata babbar mota da aka bari ba direba ta gangaro daga tudu a Folkestone. Wata uwa ta gan ta, ta san 'ya'yanta na wajen, ta razana, ta yi jinya ta rasu. Kotu ta yarda cewa tsoron uwa a kan ɗanta ma rauni ne. Amma a 1942 aka hana wata mai sayar da kifi a Edinbara, Bourhill, wadda ta ji karon babur da mota ta kuma ga jini a ƙasa, don ba ta da dangantaka da mamacin, ba ta kuma cikin haɗarin.

Zargin ƙarya bai kau ba. A 1961 Henry Miller, likitan jijiyoyi a Ingila, ya rubuta cewa ciwon na son diyya ne, da an biya sai ya warke. Lauyoyin kamfanonin inshora su ka riƙe wannan magana shekara da shekaru. Binciken da aka yi daga baya ya nuna da yawa ba sa warkewa ko bayan an gama shari'a. Sa'an nan a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ciwon cikin kundinta da sabon suna, watau damuwar da ke biyo bayan tashin hankali, aka jera alamunsa: mafarkin haɗarin, gudun duk abin da ke tuna shi, da yawan zabura. Sojojin da su ka komo daga yaƙin Biyetnam su ne su ka fi jawo wannan, amma waɗanda su ka yi haɗarin mota sun amfana.

A 1982 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta ba McLoughlin gaskiya. Ba ta wurin da babbar mota ta buge motar iyalinta a 1973, sai a asibiti ta tarar da mijinta da 'ya'yanta jina-jina, aka gaya mata ƙaramar 'yarta ta mutu. A 1995, a shari'ar Page da Smith, aka ce wanda ke cikin motar da aka buga ya na iya neman diyyar ciwon hankali ko da ƙwarzane bai samu ba. Duk da haka iyaka ɗaya ta tsaya: baƙin ciki kaɗai ba shi da diyya, sai ciwon da likita ya tabbatar da sunansa.

Wannan tarihi ya shafi Nijeriya, domin dokar ɓarna ta ƙasar ta samo tushe daga ta Ingila, kuma tun 1945 aka kafa dokar da ta tilasta inshorar mota saboda wanda aka yi wa ɓarna. Akwai kuma abin lura ta fuskar fiƙihu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda malaman ƙasar Hausa ke karantarwa, ta sa cikakkiyar diyya a kan gushewar hankali. Ashe lissafa hankali cikin abubuwan da a ke biya ba baƙon abu ba ne a nan. Wurin da ya rage shi ne tsakiya, watau mutumin da hankalinsa bai gushe ba amma ya jikkata. Hausa na da firgita, da razana, da ɗimuwa, da gigita, kowacce da nauyinta. Aikin masana harshe da malaman kwalejoji shi ne su tsai da wadda za ta ɗauki ma'anar ciwon, domin tafinta a kotu in ya ce tsoro kurum, mai ƙara ya kan koma inda Mary Coultas ta tsaya a 1888.