Bayanin Sulhu da Diyya a Ƙasar Karaye da Rogo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ka sani ya ɗan'uwana, ni tsoho ne, na so in rubuta abin da na karanta da abin da na ji ga malamaina na yadda ake yi da mai laifi a ƙasarmu, Karaye da Rogo.

Asalin al'amarin, jini da rauni haƙƙin bawa ne. A mazhabar Maliku, in mutum ya kashe wani da gangan, maganar tana hannun waliyyan jini: ko su nemi ƙisasi, ko su yafe, ko su yi sulhu bisa dukiya. Diyya raƙumi 100 ce, ko dinari 1000, ko dirhami 12,000. In kuskure ne, dangin mai kisan na wajen uba su ke tara ta cikin shekara 3. Wanda aka yafe wa kisan gangan ba a sakinsa haka nan, sai an yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Wanda kuwa ya yaudari mutum ya kashe shi don dukiyarsa, wannan babu afuwa gare shi ko da magada sun so.

Amma abin da ya fi yawa a karkararmu shi ne ɓarnar shanu. Hukuncin Risala, abin da dabba ta ɓata da dare yana kan mai ita. Sai dagaci da arɗo da dattawa su taka gonar, su ƙimanta dami nawa ya salwanta, a biya, a yi fatiha. Da yawa ba ta kai gaban alƙali.

Da Nasara suka ci Kano a 1903, suka hana yanke hannu, suka bar alƙalai bisa aikinsu. Littattafan majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 suna nan, akwai shari'o'in jini da diyya a ciki. Sa'an nan a 1960 aka kawo dokar Finalkod, kisan kai ya zama laifi ga gwamnati, waliyyi ya koma mai shaida. A nan ne, a ganina, aka yi hasara. Ɓarawon akuya ya shiga kurkuku, mai akuya ya koma gida hannu wofi, shi kuwa ɓarawon ya fito ya ƙaro sanin sata.

A shekara ta 2000 Kano ta komar da shari'a, a 2003 aka kafa Hisba, tana zama tsakanin masu husuma. A 2024 aka bar wa Sarkin Karaye ƙasar Karaye da Rogo, dagatai da masu unguwa suna ƙarƙashinsa, har yau su ake fara kai wa ƙarar ɓarna.

Intaha. Wallahu a'alamu.