Duwatsun Kent da Matsalar Mai Tsinta

A shekarar 1867 wani limamin coci, Louis Bourgeois, ya gabatar wa taron masana a Paris wasu fasassun duwatsun ƙanƙara, irin waɗanda ake ƙyasta wuta da su, da ya tono a Thenay. Ya ce hannun ɗan Adam ne ya sassaƙe su. Daga baya Benjamin Harrison, mai kanti a ƙauyen Ightham na gundumar Kent a Ingila, ya tara dubbansu daga kan tuddai, kuma a 1889 babban masanin duwatsu Joseph Prestwich ya mara masa baya. Aka riƙa kiransu iyolit, ana ɗaukarsu kayan aikin farko na ɗan Adam.

A ganina Harrison ba maƙaryaci ba ne, ba kuma jahili ba. Matsalar tana cikin tsintar kanta. Wanda ya shiga fili mai duwatsu bila adadin, yana ɗaukar wanda ya zauna masa a hannu, yana watsar da saura, dole tarinsa ya yi kama da aikin gwani, domin shi ne ya yi zaɓen. Duwatsun da ya watsar su ne shaidar da ta fi muhimmanci, ga shi ba a kai su gidan tarihi ba.

Wannan giɓi Marcellin Boule ya cike a 1905. A wata masana'antar siminti kusa da Mantes ya tarar injin da ke dama alli cikin ruwa yana gwara duwatsun da juna, yana fitar da iyolit sak. A 1910 Henri Breuil ya sami irinsu a Clermont, cikin shimfiɗar ƙasar da ta riga kowane mutum da miliyoyin shekaru. Nauyin ƙasa kawai ya matse su suka tsage. Sai a 1939 Alfred Barnes ya kawo ma'auni: sarar mutum galibi tana barin kusurwa ƙasa da digiri 90, ta tsautsayi kuwa ta kan zarce haka.

Kada dai a ɗauka an rufe babin. A 2016 aka ba da rahoton birai a Serra da Capivara ta Brazil suna fasa duwatsu, suna barin ɓalli masu kaifi ba da niyyar yanka komai ba. Tun kafin wannan ma, da aka bayyana kayan Lomekwi na Kenya a 2015, masu shekara miliyan 3.3, masanan ba su dogara da kamanni ba. Sun nuna uwar dutsen da maƙerar da aka ɗora ta, har da ɓallin da ya koma gurbinsa daidai.