Yadda Waƙa Ta Tsare Majami'a a Birnin Milan

Ku 'yan makaranta, da yawanku kun taɓa jin jama'a suna raira waƙoƙin yabo a majami'a ran Lahadi. To, yau za mu ba ku labarin yadda wannan al'ada ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai.

A cikin shekara ta 386 Sarkin Rum na yamma, Balantiniyan na Biyu, yana zaune a birnin Milan, cikin ƙasar Italiya. Shi kuwa yaro ne, saboda haka mulki yana hannun uwarsa, Yustina. Ita tana bin koyarwar wani malami wai shi Ariyus, wanda ya ce Almasihu halitta ne, ba daidai yake da Uba ba. Babban taron Nikiya ya riga ya ƙi wannan magana tun shekara ta 325, amma ba ta rasa mabiya a fada ba. Sai Yustina ta aika wa Bishof Amburos, ta ce ya ba mutanenta majami'a guda. Shi kuwa Amburos dā gwamna ne, ya san sha'anin sarauta sarai. Ya amsa da ladabi, amma ya ƙi, don a ganinsa ɗakin Allah ba mallakar sarki ba ne.

Sai aka aiko da sojoji suka kewaye majami'ar. Jama'a, maza da mata, suka zauna ciki tare da bishof ɗinsu dare da rana. Da Amburos ya ga tsoro da gajiya za su karya zukatansu, sai ya sa su raira zabura da waƙoƙin yabo, kamar yadda ikkilisiyoyin gabas suke yi. Waƙoƙin da shi kansa ya tsara masu sauƙi ne: baiti takwas, kowane baiti ɗango huɗu gajeru, yadda ko wanda bai iya karatu ba zai haddace. A cikinsu kuwa ya zuba koyarwar nan da ake gardama a kanta. Har abokan gabansa suka ce ya sihirce mutane da waƙa. Daga baya fada ta haƙura, aka janye sojoji, majami'a ta tsira.

Cikin masu kwana a wurin akwai wata dattijuwa, Munika, mutuniyar Afirka ta Arewa. Ɗanta Agustin, wanda Amburos ya yi wa baftisma a shekara ta 387, ya rubuta labarin, ya ce daga nan al'adar ta bazu zuwa sauran ikkilisiyoyi.

Abin lura a nan shi ne, wa'azi mutum ɗaya ke yinsa, saura su saurara, amma waƙa kowa da bakinsa a ciki. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa kuwa, ba ya saurin barinsa. In kun ji ana raira waƙar yabo, ku kasa kunne ga ma'anarta, gama a cikinta jama'a suke faɗin abin da suka gaskata.