Dawakin da aka ɗaure: tarihin injin Chevrolet 454

A shekarar 1970 kamfanin Chevrolet na Amurka ya fito da wata mota mai suna Chevelle SS 454. Lambar 454 girman cikin injin ce bisa awon Amurkawa, wato kusan lita 7 da rabi a cikin silinda 8. Don mai karatu ya gane girman abin, injin fetur na Peugeot 504 da muka sani bai wuce lita 2 ba. Samfurin da ya fi kowane ƙarfi, wanda ake kira LS6, an rubuta masa ƙarfin doki 450. Bayan shekara 5 kacal, a 1975, injin nan dai, da girmansa da nauyinsa da ƙishirwarsa, ƙarfin doki 215 aka rubuta masa, kuma daga wannan shekara aka daina sa shi cikin Chevelle. Ina sauran dawakin suka tafi? Amsar ba a gareji kaɗai take ba, sai an leƙa majalisar dokoki da kasuwar man fetur.

Irin waɗannan motoci Amurkawa na ce musu motoci masu ƙwanji. Dabarar ba ta da wuya: a ɗauki mota matsakaiciya mai arha, a cusa mata injin babbar mota. Galibin masu tarihi daga Pontiac GTO ta 1964 suke fara ƙirga, wadda John DeLorean da abokan aikinsa suka fitar ta bayan fage, domin a lokacin kamfanin General Motors ya hana sa manyan injuna cikin matsakaitan motoci. Samarin da aka haifa bayan yaƙin duniya na biyu sun tasa, aiki akwai, fetur kuwa kamar kyauta. A shekarar farko an sayar da fiye da 32.000. Daga nan Ford da Chrysler da sauran sassan General Motors suka shiga tsere, kowa na ƙara girman inji, har 1970 da kamfanin ya janye haninsa gaba ɗaya.

Sirrin ƙarfin LS6 yana cikin matsi. Kafin wuta ta kama, fistan yakan matse haɗin iska da fetur, kuma gwargwadon matsin, gwargwadon ƙarfin bugun. A LS6 matsin ya kai ninki 11 da kwata. Fetur na yau da kullum ba ya jure wannan, yakan fashe kafin lokacinsa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa har fistan ya lalace. Maganin da aka dogara da shi shi ne dalma. Tun 1921 wani ma'aikacin General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa wani haɗin dalma cikin fetur yana hana wannan ƙwanƙwasa. Shekara fiye da 40 ana fesa gubar cikin iskar birane, har masani Clair Patterson ya nuna a 1965 yawan dalmar da ta taru a jikin mutane. Tun kafin nan Arie Haagen-Smit ya tabbatar da cewa hazon da ke sa idanun mutanen Los Angeles hawaye, hayaƙin mota na da babban hannu cikinsa.

A ƙarshen Disamba 1970 shugaba Nixon ya sa hannu a kan dokar tsabtace iska, wadda sanata Edmund Muskie ya jagoranta, ta neman a rage wasu gubobin hayaƙi da kashi 90 cikin 100 a ƴan shekaru. Shugaban General Motors na lokacin, Ed Cole, ya riga ya hango abin. Ya san sai an sa tukunyar tace hayaƙi a jikin salansa, ya kuma san dalma tana kashe wannan tukunya. Saboda haka ya ba da umurni cewa daga 1971 duk injunan kamfanin su iya aiki da fetur mai ƙarancin dalma ko marar ita. Abin lura, Cole injiniya ne, shi ne uban ƙaramin injin V8 na Chevrolet na 1955, ba maƙiyin gudu ba ne. Matsin 454 na Chevelle ya koma ninki 8 da rabi, daga baya 8 da kwata.

A nan sai a yi hattara da alƙaluma, don masu kukan zamanin da sukan yi ƙari. Har 1971 ana auna inji tsirara a kan benci, ba matatar iska, ba salansa, ba kayan da yake juyawa. Daga 1972 aka koma auna shi yadda yake cikin mota. Injin 454 na 1971 an rubuta masa 365 a tsohon awo, 285 a sabo, alhali ko ƙusa ɗaya ba a canja ba. Ke nan wasu dawakin dama a takarda kawai suke. Amma ragowar asarar ta gaskiya ce: 270 a 1972, 245 a 1973, 235 a 1974. An jinkirta lokacin tartsatsi, an rage fetur cikin haɗi, an riƙa mayar da wani kason hayaƙi cikin inji don a sanyaya ƙuna. Kamfanonin inshora sun tsawwala wa samari kuɗi. Sa'an nan a Oktoba 1973 ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba takunkumin mai, farashin ganga ya ninka har sau 4, aka ƙayyade gudu a kusan kilomita 90 cikin awa. Wa zai sayi raƙumin da ba ya tsere, ba ya kuma haƙurin ƙishirwa?

Sai dai gangar injin ba ta canja ba. Faɗin silinda da tsawon bugun fistan na 1975 su ne na 1970, kuma an ci gaba da ƙera 454 don manyan motocin kaya har wajen 2000. Wannan ne ya haifar da sana'ar farfaɗo da shi, wadda kamfanoni irin su Edelbrock, da aka kafa a Kalifoniya a 1938, da Holley mai ƙera karbireta suka ci moriyarta. Makanikan da suka san aikin suna bin sawun tarihin ne a juye. Da matsi ake farawa: a sa fistan mai tudu, ko a canja kan inji, a kai matsin ninki 9 da rabi ko 10, iyakar abin da fetur marar dalma ke ɗauka. Kan inji na alminiyam ya fi na ƙarfe saurin fitar da zafi, don haka ya fi jure matsi. Bayan nan sai sandar da ke buɗe bawul, a sa wadda ke barinsu buɗe na tsawon lokaci, sai mashigar iska da bututun hayaƙi masu faɗi, sai a gyara lokacin tartsatsi. Gwargwadon haƙoran giyar baya ma ana canjawa, domin a shekarun ƙarancin mai an zaɓe su ne don tsimi. Kuskuren ɗan koyo sananne ne: ya sayi ƙatuwar karbireta da babbar sandar bawul ya ɗora wa inji mai raunin matsi, ya ƙare da mota mai amo kamar aradu wadda ba ta iya tashi daga tsaye. In an bi tsari, samun ƙarfin doki 400 zuwa 500 ba abin mamaki ba ne, kuma ba tare da ɗigon dalma ba. A ganina wannan ya isa shaida cewa ba dokar ce kaɗai ta kassara injin ba, gaggawa ce da ƙarancin fasahar wancan lokaci. Amurka ta haramta fetur mai dalma a kan hanya a 1996, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka bi a 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021.

Gardamar da ta rage ta masu adana kayan tarihi ce. Kowane inji yana ɗauke da lambar da ta haɗa shi da motar da aka haife shi cikinta, kuma a kasuwar gwanjo motar da ke da injinta na asali ta fi daraja nesa ba kusa ba. Wasu na cewa duk wanda ya taɓa shi ya goge shaida, domin raunin 1975 ma tarihi ne. Wasu na cewa mota ba kwarya ba ce da za a jera a ɗaki. Doka ita ma tana da tata iyaka: a Kalifoniya motocin 1975 zuwa baya an ɗauke musu gwajin hayaƙi, na 1976 zuwa gaba kuwa sai sun riƙe kayan tacewarsu. Da yawa sun zaɓi hanyar tsakiya, su sauke injin asali su shafe shi da mai su lulluɓe a kusurwar gareji, su sayo wani 454 na tsohuwar motar kaya, a kansa su yi duk abin da suka ga dama.